Jan Makunnin Oom Stoffel

Duk cikin ƙungiyar masu yawo da motar kwana ta garin Upington, babu wanda ya kai Oom Stoffel Labuschagne sanin haɗari. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya. Tun da ya bar sayar da taki ya naɗa kansa Sarkin Rigakafi. Motarsa akwai tukunyar kashe gobara a kowane lungu, ƙararrawar hayaƙi har a banɗaki. Amma abin da ya fi so, ya fi 'ya'yansa ma, shi ne jan makunnin da ke yanke wutar batir gaba ɗaya.

Da ƙungiya ta sauka bakin kogin Orange don taron shekara, kowa ya kawo naman gashinsa aka loda a firjin Oom, tunda nasa ne babba: haƙarƙarin rago, cinyar barewa, har da naman da Tannie Hettie ta yi mako tana jiƙawa da kayan ƙamshi.

Da safe, za su tafi yawon kwalekwale su kwana can, Oom ya tara jama'a gaban motarsa.

"Ku matso ku koya, kyauta ne. Mota ba ta cin wuta sai a hannun jahili. Ni ko shago zan shiga, sai na kashe komai."

Ya murɗa makunnin, ƙas, ya tsaya jiran tafi.

Matarsa, Tannie Marietjie, ta ce, "Stoffel, amma fa..."

Ya ɗaga yatsa. "Marietjie, maganar lantarki ake yi."

Ta ɗauki hularta.

Rana ta yi aikinta a kan motar nan rufaffiya, irin ranar Janairu, tsakiyar zafin ƙasar. Da suka dawo washegari da yunwa, tun daga nesa ƙudaje suka tarye su. Aka buɗe firji, wanda makunnin ya kashe tun jiya. Tannie Hettie ta leƙa, ta koma gefe ta zauna a ƙasa.

Oom bai karaya ba. Ya toshe hanci ya shiga, ya duba ma'auni, ya fito yana gyara wando.

"Jama'a, ku shaida. Babu gobara. Batir kuma cike yake fal, ko ɗigo bai ragu ba."

Marietjie ta miƙa masa wuƙa, ta ce:

"Madalla. Yanka musu batirin su gasa."