Rasuwar Baƙa a Cikin Duron Wake

Da zuciya mai cike fal da baƙin ciki, Malam Wada mai wake na Gangara, mazaunin Sabon Birni a yanzu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan fatauci rasuwar kwamfutarsa, wadda iyali ke kira Baƙa. Ta cika ita kaɗai a cikin duron wake, kuma ba wanda ya san ranar.

Marigayiyar 'yar kasuwar Maraɗi ce. Ta shigo gidan a shekarar da Malam Wada ya sayar da shanun huɗarsa, tun kafin ɓarayin daji su kora su. Ƙanensa Hafizullahi, mai kai kaya Nijar, shi ya ce a mayar da kuɗin shanun na kirifto, wato kuɗin intanet, a kulle a asusu cikin kwamfutar, domin shanu ana kora su, kuɗin aljihu ana ƙwacewa a hanya, wannan kuwa ido ba ya ganinsa. Malam Wada bai gane duka ba, amma ya yarda. Kuɗin na ɗiyarsa Maimunat ne, na karatun jinya a Sakkwato.

Duk wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa neman harawa ba, ba ta taɓa shiga gonar maƙwabci ba. Abincinta ɗan caji ne daga faifan sola. In an buɗe ta sai ta ce "tilin" cikin ladabi, sannan ta riƙa "fuuu" a hankali kamar tsohuwa na hura wuta. Ga riƙon amana: ko uwargida Safiyatu ta taɓa ta, ba ta buɗe asusun sai an ba ta kalmar sirri, kalmar kuwa ba ta taɓa fita daga bakin maigida ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga kulawa. Da zaman Gangara ya gagara, Malam Wada ya ji tsoron a tare shi a hanya da kwamfuta a ce mai kuɗi ne. Sai ya naɗe ta a zane, ya tura ta tsakiyar duron wake. Hafizullahi ya taɓa kwafa masa asusun a ɗan filas, irin wanda ake soka wa kwamfuta, ya ce kada ya ɓata. Don kada ya ɓata ɗin, Malam Wada ya ɗaure shi da zare a jikin uwarsa Baƙa, yadda ake haɗa tunkiya da ɗanta. Ya jefa ƙwayar maganin hatsi kamar yadda yake yi kowace kaka, ya ƙara wasu saboda darajar abin da ke ciki, ya liƙe murfi da laka. Haka duron ya hau amalanke ya iso lafiya, ya kuma yi damina guda a rufe, maigida na kewaya shi safe da yamma yana jin daɗin dabararsa.

Ranar da makarantar ta kira sunan Maimunat aka fasa murfin. Baƙa ba ta ce "tilin" ba. Ta yi "ƙit" sau ɗaya, ta yi shiru. Mai gyara na bakin tasha ya buɗe cikinta ya tarar hayaƙin maganin ya cinye jan ƙarfen da ke ciki, ya bar tsatsa shuɗiya. Ɗan filas ma ya bi uwarsa. An kai su garin Isa, an kai su Maraɗi, ko'ina sai girgiza kai.

Marigayiyar ta bar caja, da jakarta mai tsinkakken hannu, da kalmar sirri, wadda ke nan da ranta a kan Malam Wada, yana maimaita ta a hanyar kasuwa, makulli a hannu babu ƙofa. Ta kuma bar waken da suka kwana tare, wanda ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ba.

Mai gyara ya riga ya yi mata wanka da fetur da burushi. Za a binne ta da ɗanta bayan gida ranar Laraba da hantsi, a karɓi gaisuwa gindin darbejiyar ƙofar gida. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi inda aka aje filas, kada kuma su kawo shawara, lokacinta ya wuce.

Sai roƙo na ƙarshe. Maimunat ba ta sani ba tukuna, tana ciki tana gugar fararen kayan makaranta. Dattijon da Allah ya ba ƙarfin baki, don Allah ya zo da wuri ya shiga ya faɗa mata. Mahaifinta yana isa ƙofar ɗakin yake juyowa.