Hular da Ta Kori Ma'azu

Jiya na wuni a fadamar Kende ina korar tsuntsaye da gwangwani a gonar shinkafar da ba tawa ba, har santsi ya kwashe ni na zauna daɓas cikin taɓo, da furfurata da komai. Gonar maƙwabcina ce, Ma'azu. Shi yana can ƙetaren iyaka, cikin Benin, a rakuɓe a gidan wani kawunsa, kuma ba abin da ya kai shi can sai sabon salon yaƙi.

Ga waɗanda ba su sani ba, masu kakin da aka turo mana sun canza karatu. Da farko sun zo da yaƙin da aka koya musu, na runduna da runduna, har da tankar yaƙi mai ƙafar sarƙa. Mutanen daji kuwa a kan babura suke zuwa, su kora shanu, su ɓace kafin tankar ta gama juyawa. Ranar da aka ce ta bi su, sai ta kafe a fadama. Tana nan har yau, mata na shanya barkono a kanta, kuma ban taɓa ganin kayan gwamnati da ya amfani talaka kamarta ba.

Sai aka aiko mana wani babban hafsa, Mai Girma Sarkin Dabara, wanda aka ce ya yi wata tara a ƙasar waje yana karanta yaƙin sunƙuru. Ya tara mu a rumfa, ya ce irin wannan yaƙi ba da bindiga ake cinsa ba, da zukatan jama'a ake ci. Wallahi maganar ta yi mini daɗi. A shingen hanya ma aka daina sa mu tsallen kwaɗo, sai an tambaye ka ya iyali kafin a zazzage maka buhu. Ya ce duk wanda ya ga baƙon motsi ya zo ya faɗa, asirinsa a rufe.

Ma'azu mutum ne mai ɗaukar maganar manya da gaske, ciwonsa ke nan tun muna yara. Ya ga inda mutanen dajin ke ɓoye jarkokin mai a bayan garin Sharabi, ya lallaɓa ya faɗa. Aka je, aka tarar da su yadda ya ce.

To, ashe karatun ya ce a karrama mai taimako don wasu su yi koyi. Ranar kasuwa aka kafa lasifika, aka kira sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, aka ɗora masa hula mai rubutu, aka miƙa masa bokitin roba, Mai Girma ya riƙe hannunsa ana ɗaukar hoto. A kasuwar da kowa ya san mutanen daji na sayen gishiri a cikinta. Ina kallon Ma'azu, fuskarsa kamar ta wanda ake yi wa sallar gawa yana tsaye.

Kafin la'asar hoton ya shiga kowace waya. Washegari wani mai rawani ya tsaya da babur a ƙofar gidansa, ya gaida matarsa Mashkura cikin ladabi, ya ce a gaya wa mai hula suna nan zuwa barka.

Da Ma'azu zai tsallaka da iyalinsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Hamma, ni dai abin da nig gani shi nih hwaɗi. Ka duba min shinkahwa, ko Allah shi sa ana komowa." Har yau maganar nan na ci mini rai.

Na je na durƙusa gaban Mai Girma, na ce, "Ranka shi daɗe, mutumin da kunka ba hula ya gudu." Ya nuna alhini ƙwarai. Ya ce da an tsare masa gida, sai dai motar sintiri ba ta da mai sai ƙarshen wata. Ya ƙara da cewa in na san inda Ma'azu yake in faɗa, ana so a bi shi da takardar yabo. Na ce ban sani ba.

Tun daga ranar ƙasarmu ta Bagudo ta makance. Babura goma za su wuce da rana tsaka, ka tambayi mai shayi ya ce maka shi sukari yake aunawa. Makon jiya na ji Mai Girma ya aika rahoto sama cewa wata guda cur ba wanda ya kawo labarin ganin ɗan bindiga, alamar sabon salo ya yi aiki, har ana maganar ƙara masa girma.

Ina taya shi murna tun yanzu. In kuma ya karanta wannan ya ji yana so ya karrama marubucin, don Allah a gaya masa ni ma ban ga komai ba.