Ranar da Na Shanye Awon Murfin Shadda

Da aka gama ginin shaddar sabon gidana a Adabka, birkila Malam Sani ya ciro tef zai auna bakin ramin, don a yi masa murfin ƙarfe a Gummi. Na ɗaga masa hannu kamar wani babban injiniya.

"Aje abin ga, Malam Sani. Kakanninmu da tef sunka yi gini?"

Na karyo takanɗa a bayan gida, na gwada a bakin ramin, na yanke daidai wa daida. Na hau babur ina jin kaina.

A Gummi na tarar mai walda ya tafi masallaci. Rana ta take, ƙishi ya dame ni, ga takanɗa mai zaƙi a hannu. Hira da yaran shagonsa ta yi daɗi, na manta shaf cewa awo ce, na sha gaɓa biyu. Da mai waldan ya dawo na miƙa masa sauran, na ce, "Kada ka ƙara ko ɗan yatsa."

Bai ƙara ba, bawan Allah.

Ranar ɗora murfi na tara maƙwabta, har Inna ta fito kallo. Aka ɗora shi, ya wuce zuruf, sai muka ji kwaram daga ƙasa!

Malam Sani ya leƙa, ya ce, "Ya isa lafiya, Injiniya."

Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Har yau in an gan ni da takanɗa sai wani ya ce, "Sha a hankali, Injiniya, kada ka shanye muna ƙofar masallaci."