Rasuwar Tagwaye, Akwatin Sautin Cocin Titin Magnolia

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da takaici, 'Yar'uwa Odessa Pruitt, mai kula da sauti a cocin Titin Magnolia da ke birnin Shreveport, tana sanar da rasuwar akwatinta na tura sauti, wanda 'yan sana'a ke kira di'ai, ita kuwa take kira Tagwaye. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi da hantsi, ana tsakiyar waƙa ta biyu, bayan shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayin ɗan guntun ƙarfe ne shuɗi, da kaɗan ya fi tafin hannu, mai ƙofa biyu. Ta hagu yana karɓar kakkauran muryoyin piyano, ta dama yana karɓar sirara, ya miƙa su ta doguwar waya har teburin Odessa a bayan coci, kowace a hanyarta, ba gurnani ba tsaki. Bai taɓa neman batir ba. An taka shi, an ja shi a ƙasa, mawaƙa sun sha ɗora masa kofin shayi, bai ce uffan ba. Maganarsa ɗaya ce, ɗan "ƙas" idan an latsa maɓallin kashe gurnanin wuta. Albarkacinsa ba wanda ya taɓa waiwayowa ya harari Odessa, kuma a wannan sana'a babu lambar yabon da ta wuce haka.

Kada wani ya ce gajeruwar rashin lafiya ce. Kashe shi aka yi. Ɗan'uwa Cornelius Boudreaux, sabon mai kaɗa piyano, mutumin da bai yarda an ji shi ba sai tagogi sun girgiza, ya ga wai sautinsa bai kai ba. Ana addu'a kowa ido a rufe, ya zaro wayar lasifika daga bayan amfilifayarsa, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, wayar da ke ɗauke da ƙarfin da ba a yi marigayin don shi ba, ya cusa masa ita a ƙofar hagu. Da aka ɗau waƙa marigayin ya ce "zzzzz", ya ce "fat", wari ya tashi kamar an babbake gashi. Gwanin ya ji ƙofar hagu ta mutu, sai ya zare ya gwada ta dama. Mutum ɗari uku suka waiwaya lokaci guda, kuma ba shi suka kalla ba.

Bayan an tashi Cornelius ya tari fasto yana gyara nektayi. "Fasto, kayan 'Yar'uwa ne suka tsufa. Kuma in za a faɗi gaskiya, ba kayan kaɗai ba."

"Ɗan nan," in ji Odessa, "je ka wanke hannu tukuna, har yanzu warin gawa yake yi."

Abin ƙyamar shi ne an saurare shi. Dattawan coci za su zauna su duba ko lokaci ya yi da za ta bar teburin, ta koma raba takardun waƙa a bakin ƙofa.

Marigayin ya bar wayoyi biyu marayu, makirufo takwas da suka tashi tare, da wani ƙaninsa mai ƙofa ɗaya da aka samo a gwanjo, mai gurnani kamar tsohon firji, wanda shi ne zai gaje shi. Allah Ya ba kunnuwan jama'a haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da ƙarfe huɗu a ɗakin ajiyar kaya, rabin sa'a kafin zaman dattawa. Ba a buƙatar furanni. Akwai wake da shinkafa ga wanda zuciyarsa ba ta tashi ba. Odessa ta kwance sukurori huɗu, gawa za ta kasance a buɗe, kuma tana roƙon kowane dattijo ya sunkuya ya ga narkakkiyar tagullar da ke ciki kafin ya ɗaga hannun ƙuri'a, ya gaya mata yaushe tsufa ya fara ƙona ƙarfe. An keɓe wa Ɗan'uwa Cornelius kujerar gaba, kuma shi zai yi jawabin bankwana, tunda shi ne na ƙarshe da ya ga marigayin da rai.