Kwana Biyar na Malam Dabo

Ranar Talata, takwas ga watan Yuli, da ƙarfe tara da kwata na safe, Malam Dabo ya yi atishawa sau uku a jere, ya ji maƙogwaronsa kamar an zuba masa ƙaiƙayi. Tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, irin mutanen da ke duba agogo kafin su duba komai, shi ya sa aka san lokacin. Da wani mako ne, da ya sha citta da lemun tsami ya kwanta abinsa. Amma ranar Lahadin da ta wuce 'yarsa Uwani ta haihu, namiji, jikansa na fari, kuma an riga an raɗa masa cewa sunansa yaron zai ci. Suna Lahadi mai zuwa. Ba abin da yake so kamar ya zauna a wurin, a miƙo masa takwaransa ya riƙe, ba tare da ya shafa wa kowa ciwo ba.

Ya sa tabarau, ya ɗauko wayar da Uwani ta saya masa, ya buɗe wani shafi da mutum ke shigar da abin da ke damunsa a faɗa masa abin da ake zato. Aka tambaye shi zazzaɓi, ya ce akwai. Tari? Akwai. Ciwon gaɓoɓi? Nan ya ɗan tsaya, don wannan ya shekara goma sha biyu tare da shi, amma da yake ba a bar wurin bayani ba, ya ce akwai. Amsa ta fito: mai yiwuwa mura ce mai tsanani, irin mai yaɗuwa. Ya huta, ya yawaita shan ruwa, ya keɓe kansa kwana biyar, in jiki ya tsananta ya nemi ma'aikacin lafiya.

Ya ƙirga da yatsu, daga Talata zuwa Asabar. Lahadi da safe ya fito ke nan. Ya ji daɗin yadda abin ya faɗa daidai.

Zaman kaɗaici ba baƙonsa ba ne. Shekara huɗu ke nan da rasuwar matarsa, shi kaɗai ne a gidan, yakan yi mako ba wanda ya yi sallama a ƙofarsa in ban da mai ruwa. Da ya ja ƙofa ya yi shiru, da ba wanda zai san ana yi. Amma shi mutum ne mai son a yi abu bisa tsari. Ya kira ladan a waya, ya ce a sanar bayan azahar: Malam Dabo ba shi da lafiya, yana roƙon kada kowa ya je gidansa har kwana biyar.

Ladan ya sanar, bai ƙara ba, bai rage ba.

A ƙofar masallaci mutane suka rabu biyu. Liman ya ce ciwon da har aka hana dubiya, ai ya yi nisa. Wasu suka ce a'a, kara ce kawai irin ta Malam Dabo, ba ya son ya wahalar da jama'a. Masu wannan ra'ayi da masu wancan duk hanya ɗaya suka bi.

Ƙarfe biyu da minti ashirin aka yi sallama ta farko.

“Malam, ku tsaya daga nan!” in ji Malam Dabo ta taga, da takunkumi a fuska. “Ai na ce kada a zo.”

“Mun ji,” in ji Liman, yana cire takalmi. “Ba zama za mu yi ba.”

Ya shigo da mutum tara. Ya dafa goshin majinyaci, ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa masa. Kowa ya miƙa hannu aka gaisa, don ba a shiga wurin marar lafiya a noƙe hannu kamar ana ƙyamarsa. Sai da aka kira la'asar suka tashi.

Washegari da hantsi Goggo Ladidi, yayarsa, ta iso da kwanon kunu da mata shida na dangi. Ya sa sakata. Ta buga ƙofa da sandarta.

“Dabo, ni za ka rufe wa ƙofa? Ni da na goya ka kana ƙyanda?”

“Yaya, ciwon ne mai yaɗuwa. Ke nake jiye wa.”

“Buɗe. Kuma cire wannan tsumman daga bakinka, ba na jin abin da kake faɗa.”

Ya buɗe, ya cire. Ta ɗanɗana kunun da ludayi ta ji ko ya huce, ta ba shi, ya kurɓa, ta karɓe ta miƙa wa na kusa da ita, don a ganinta kunun ya yi masa yawa.

Da rana wanzami ya zo da zabirarsa, ya ce mataccen jini ne, ƙaho biyu a ƙeya ya wadatar. Mahauci ya kawo romon ƙashi, ya zauna a bakin gado sai ya ga ƙarshen kwanon. Maroƙin unguwa ma ya leƙo, ya yi wa majinyaci kirari har tari ya sarƙe su su biyun. Lawandi, mijin Uwani, shi kaɗai ya tsaya waje, ba don ya ji sanarwa ba, sai don kunyar suruki. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana gaisuwa, kansa a ƙasa. Malam Dabo ya ce a ransa ko ba komai an sami mutum ɗaya mai hankali. Sai ruwa ya sauko. Goggo Ladidi ta kamo hannun rigar Lawandi ta jawo shi ciki, ta kuma rufe taga kada sanyi ya kama marar lafiya.

Ranar Alhamis Malam Barau ya zo. Taubashinsa ne, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsiya ba.

“Ashe da sauranka,” in ji Barau. “Ni na zo ɗaukar keken nan ne kafin magada su taru.”

“Fita, Barau. Cewa aka yi in keɓe.”

“In ji wa?”

“Ga shi nan a waya.”

Barau ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya ce a karanta masa. Ya ce shi ma tun safe hancinsa ke yoyo, a gwada shi. Aka shigar. Wayar ta ce ya keɓe kansa kwana biyar. Daga nan ta shiga yawo hannu zuwa hannu, wannan ya ce a gwada shi, wancan ya ce a tambayar masa ciwon bayan nan tunda an samu likita kyauta. Mutum uku, har da Barau, ta ce wa su keɓe.

Bayan la'asar sai ga Barau ya dawo da tabarma da buta.

“Wannan fa?” in ji Malam Dabo.

“Keɓewa na zo yi. Gidana mu goma sha huɗu ne, a ina zan keɓe? Duk unguwar nan gidanka ne kaɗai ake yi.”

Sauran biyun ma suka biyo bayansa da nasu tabarmi. Su ma aka fara zuwa duba su.

Malam Dabo ya kwanta yana kallon rufi, yana jin dara ana bugawa a tsakar gidansa. Rabon gidan da hayaniya irin wannan tun zaman makokin matarsa. Abin ya ba shi haushi, ya kuma ɗan yi masa daɗi, ya rasa wanne zai riƙe. Zazzaɓin dai ya sauka ranar Juma'a. Ya ciro babbar rigarsa daga akwati, ya aika wa mai guga.

Ranar Asabar da ƙarfe goma saura minti biyar wata mata ta yi sallama, da farar riga da takunkumi da takarda a hannu. Sista Rifkatu ce, daga ƙaramin asibitin unguwa. Uwani ce ta kira ta, don mijinta ya tashi da atishawa. Ta tsallake takalma a ƙofa, ta dubi masu tabarma, ta dubi mai gida.

“Baba, kai ne aka ce ka keɓe kanka?”

“Ni ne, 'yata. Yau kwana biyar cif. Gobe zan je suna.”

Ta gwada zafin jikinsa, ta saurari ƙirjinsa, ta ce shi kam ya kama hanyar warkewa, amma ba za ta yarda ya je kusa da jariri ba alhali yana kwana cikin masu tari. Ta ƙara da cewa duk wanda ya zauna da shi a ɗakin nan, ya haƙura da taron gobe, ya zauna gida. Ta buɗe biro.

“Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wa zai raɗa sunan?”

“Liman.”

“Ya shigo nan?”

“Sau huɗu. Talata da ƙarfe biyu da minti ashirin ya fara.”

“Na'ibinsa fa?”

“Shi ke riƙe masa takalmi.”

“Mai yi wa yaro aski?”

“Ya zo da zabira.”

“Mai yanka?”

“Ga kwanonsa can bai ɗauka ba.”

“Uban yaron na san labarinsa. Matan da za su yi girki?”

“Da ludayi ɗaya muka sha kunu.”

Sista Rifkatu ta rufe biro, ta daɗe tana kallonsa ta saman takunkumi.

“Haba Baba! Kai da aka ce har ka yi boko. To wa ya rage? Wannan keɓewar taka ran wa ta ceta?”

Malam Dabo ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

“Saura mai jego, da jariri, da rago,” ya ce. “Su biyun Allah ne ya tsare su. Amma ragon kam, 'yata, ki rubuta ni na cece shi.”