Yadda Za Ka Yi Alfahari Da 'Yarka Mai Buga Tsoka A Na'ura

Idan 'yarka ta tafi karatu waje tana aikin da ko sunansa ba ka iya faɗa, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci kafin a cire auduga kai za a fara miƙa wa kofin jabana, wato gahawa, a kowane zama. Ni Almu na gwada su ɗaya bayan ɗaya a ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla a Sudan.

Mataki na ɗaya: Kada ka ce ba ka gane ba

'Yata Muhsina ta kira ni daga Malesiya ta ce, "Baba, na'ura ce ke saƙa 'yar raga da wata roba mai narkewa, cikinta da ƙwayoyin jiki masu rai. In sunka yaɗu sai robar ta narke, tsoka ta tsaya." Na ce tamam. Kai ma haka za ka ce, uba ba ya tambaya sau biyu.

Mataki na biyu: Mayar da shi noma

Ka ce robar rumfa ce, ƙwayoyin kuma kabewa: ta hau, ta rufe, a zare sanduna. Duk wanda ya tsufa a hawasha, wato gonar da ake ba ruwa, zai gyaɗa kai. A cikin duk abin da na faɗa, wannan kaɗai ne ya kusa gaskiya.

Mataki na uku: Bar sauran a gida

Ta ce abin da suke bugawa bai kai farce ba, a jikin ɓeraye ake gwaji, mutum kuwa sai bayan shekaru in Allah ya yarda. Kada ka fita da wannan. Wa zai yi maka barka a kan ɓera?

Mataki na huɗu: Ƙara gishiri

Ran kasuwa ka ce kunne take bugawa. Wajen suna ka ce hannu. Ni da bakina ya yi zafi, cewa na yi zamanin yanke ƙafa ya wuce, Muhsina na dawowa liƙa sabuwar tsoka kawai za ta riƙa yi.

Mataki na biyar: Kada ka duba wa ke saurare

Ban duba ba. Sambo, maƙwabcin hawashata na shekara talatin, yana wajen da ciwon sukarinsa da yatsun ƙafarsa biyu da suka yi baƙi. Ashe likita a birnin Madani ya ce masa ya dawo cikin mako a cire su. Sai bayan wata guda matarsa Mairo ta yi sallama a ƙofata.

"Malam Almu, amininka ya ƙi komawa mustashfa wajen likita. Ya ce ɗiyarka shika jira."

Mataki na shida: Haɗiye girmanka

Wannan matakin ba ya cikin tsarina. Na same shi kwance a kan angarib, gadonsa na igiya, wari ya tare ni tun daga zaure.

"Sambo, ƙarya na yi. Ba ta kai ga mutane ba. Ɓeraye ne."

"Ya zol, kai mutumin nan, ɓeraye?"

"Wallahi ɓeraye."

Sai ya ce, "To nemo muna mota."

A Madani ba yatsu biyu aka cire ba, daga ƙasan gwiwa aka yanke. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har yau kuma ba ta sake ni ba. Da na gaya wa Muhsina, kuka ta yi ta kashe wayar.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. Haka nake gaya wa kaina kowace safiya, ina buɗe wa hawashar Sambo ruwa kafin tawa. Shi ma bai taɓa ɗora mini laifi ba, da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi. In na shiga gaishe shi sai ya buga gefen angarib ya ce, "Zamna nan, Almu. Yanzu akwai wuri."