Tukunyar da Na Kai wa Inna

Ba zan taɓa mantawa da wata babbar Sallah da na yi a Gwiwa ba, kuma gara in faɗa muku tun yanzu, har gobe in na tuna ta sai raina ya ɓaci sabo. Dangin mijina suna ba da labarin suna dariya har da hawaye. Ni ban kai wajen dariyar ba tukuna.

A Kazaure aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan kuma muke zaune da maigidana. Shi ɗan Gwiwa ne, iyayensa suna can, kuma duk babbar Sallah a gidansu ake haɗuwa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, mace ce mai sauƙin kai da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Duk abin da na faɗa sai ta gyaɗa kai ta ce amarya ta sani, ai ita ta zauna a birni. (Kazaure ce birnin, ku ji fa. Ni kuma na karɓi muƙamin hannu bibbiyu.)

Tun zuwana na farko na sa wa tukwanenta ido. Na dalma ne, baƙaƙe ƙirin, masu nauyin tsiya. Babbar cikinsu, wadda ake suyar naman layya da ita, sai mace ta yi nishi kafin ta ɗaga ta. Inna ta ce tun sunan ɗanta na fari take da ita. Maimakon in ji wannan maganar in yi tunani, sai na ji tausayinta, wai baiwar Allah ta ƙare rayuwarta da tsofaffin kaya.

Ana cikin haka sai ga Rumasa'u, ƙawata tun muna sakandare, wadda ke sayar da kayan kicin ta waya. Ta sa hoton wani saitin tukwane masu sheƙi kamar madubi, da murafen gilashi, har da wata ƙatuwa ta taro. Na kira ta, ta kawo min su har gida. Kuma don kada wani ya ce ban tambaya ba, na tambaya. Na ce mata ba tawa ba ce, surukata zan kai wa, kuma da itace da kara take girki. Tana zaune a falona, tana shan zoɓon da na dafa da hannuna, ta ce min ta Nijar ake shigo da su, da sefa ma ake sayo su, ba irin tarkacen kasuwa ba ne.

"Ko a wutar maƙera kika ɗora ta ba abin da zai same ta," in ji ta. "Har jikokinki sai sun ci abincinta."

Na ɗaga babbar da hannu ɗaya, na ji ta sakayau kamar faranti. Wallahi na ji wannan rashin nauyin. Amma Rumasa'u ta ce ai shi ne ci gaban, yanzu an daina yin kaya masu karya ƙugu. Da maigidana ya dawo ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce shi dai ƙarar gwangwanin madara ya ji. Na hayayyaƙo masa, na tambaye shi yaushe ya fara sanin tukunya, shi da ko ruwan shayi bai iya dafawa ba. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Ana saura 'yan makonni Sallah na kai wa Inna kayan. Ta yi murna har ta rasa inda za ta sa ni. Ta aika aka kira maƙwabta suka zo gani, kowa na leƙa fuskarta a jikin tukunya. Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina, baki ya riga ya buɗe. Na tsaya a tsakar gida, a gaban matan nan, na yi lacca a kan tsofaffin tukwane: suna cin itace, suna cin wuri, suna sa ciwon baya, kuma duk gidan da aka waye an daina amfani da su. Na matsa wa Inna ta rabar da nata. Ƙananan ta ba dangi ba tare da gardama ba. Babbar ce ta daɗe tana shafa bakinta, sannan ta ce to, a kai wa Tabawa, wata mai tuwon sayarwa da ke can ƙarshen layi. Tabawar tana wajen, ta ji laccar tun daga bismillah.

Ranar Sallah aka yanka raguna aka rataye. Washegari da hantsi maza suka sassara nama suka shigo da shi cikin manyan bahuna. A ciki har da ragon Baba, mahaifin maigidana, wanda shi da kansa ya yi kiwonsa tun yana ɗan ƙarami, yana ba shi dusa da harawa da hannunsa. Inna ta ce da shi za a fara, kuma amarya ce za ta soya a sabuwar tukunyarta. Matan gida suka baje tabarmi a inuwar darbejiya. A tsakiyarsu akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo daga Roni, tsohuwa mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ni kuwa sabon leshina na sa, don na san ranar tawa ce. (Wace mai hankali ce ke suyar nama da leshi? Ku bar ni kawai.)

Saude, ƙanwar maigidana, ta hura wuta a murhu. Na ɗora tukunya, na zuba kitse da man gyaɗa, na juye nama. Da farko komai lafiya, har ina juya ludayi da yanga. Can sai na ga naman tsakiya yana kamawa, na gefe kuwa ko zafi bai yi ba. Sai wani ƙauri ya fara tashi, irin na roba in ta faɗa wuta. Gwaggo ta tambaya me ke ƙonewa. Na ce ba komai, haka sabuwar tukunya take yi a karon farko. Ban rufe baki ba sai muka ji tas daga ƙasan tukunyar. Na sunkuya na leƙa, na ga gindinta ya ɓare gida biyu, ashe wani faifan ƙarfe ne aka liƙa a ƙasa don ta yi kama da mai kauri.

Na ce wa Saude ta zo mu sauke da sauri. Ta kama hannu ɗaya da tsumma, na kama ɗaya. Muka ɗaga. Nawa hannun ya taho tare da ni, tukunyar ta tsaya a baya.

Naman ragon Baba ya tafi cikin toka da rairayi. Man ya kwarara cikin wuta, wutar ta tashi har ta lashi gefen rumfar karan da ke kan murhun. Mata suka watse suna salati, Saude ta janye yara, wasu suka yi ta watsa ƙasa har aka kashe. Allah ya tsare, ba wanda ya ƙone, sai ɗan man da ya fantsar min a ƙafa. Da hayaƙi ya lafa, sai na ga kowa ni yake kallo. Ina tsaye ƙiƙam a tsakiyar gida, riƙe da hannun tukunya.

Gwaggo ta ce, "Amarya, ajiye shi haka nan. Ai ya gama aikinsa."

Da Inna ta yi min faɗa, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ɗauko baho ta durƙusa a gaban murhu, tana tsintar naman ɗai-ɗai daga toka tana kakkaɓewa. Baba ya yi gyaran murya daga zaure ya tambaya ko lafiya, ta ce lafiya lau Malam, tukunya ce ta ɗan zame. Matar da na sa ta rabu da kayanta ita ce take rufa min asiri. A lokacin ji na yi kamar in tafi Kazaure a ƙafa in shaƙo Rumasa'u.

To ga sauran nama jibge a bahuna, rana tana ɗagawa, ƙudaje sun fara taruwa, kuma duk gidan babu tukunyar da za ta ɗauke shi. Aka aika gidaje biyu aro, kowa na tasa suyar. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san inda tukunya take. Inna ta ce Saude ta je wajen Tabawa. Gwaggo ta ce a'a, Saude ba ta fitar da komai daga gidan nan ba, wadda ta fitar ita za ta dawo da shi.

Na yafa mayafi na fita. Layin nan ban taɓa sanin yana da tsawo haka ba. Maza na zaune a ƙofar gidaje ana hirar Sallah, ina gaishe su suna amsawa da wani irin ladabi da ya nuna min labari ya riga ni isa. Tabawa ta karɓe ni da fara'a, ta shimfiɗa min tabarma, ta tambayi mutanen Kazaure, ta tambayi iyayena, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Ta ƙi ta tambayi abin da ya kawo ni, sai da na buɗe baki na faɗa da kaina.

"Wace tukunya ke nan?" in ji ta. "Tsohuwar nan mai cin itace?"

Na ce ita.

Ta ce ai ba komai, sai dai in ɗan jira, don nata naman yana ciki. Haka na zauna a tsakar gidan Tabawa ina kallon tukunyar Inna a kan wuta, nama na soyuwa a cikinta lafiya lau, gefe da tsakiya duk ɗaya. Har tsoka ta miƙo min wai in ɗanɗana. (Na ci. Yunwa nake ji, kuma ya yi daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.) Da ta kwashe, ta naɗa min gammo da tsumma, ta taya ni ɗora ta a ka da sauran ɗuminta. Na biyo layin nan a hankali, wuyana na rawa, baƙin tukunya da maiƙo suna sauka a kafaɗar leshina. Wani dattijo ya ce sannu da aiki amarya. Ban san da wace murya na amsa ba.

A tukunyar aka soye naman gidan gaba ɗaya kafin la'asar. Na Baba an wanke shi an sake wankewa, amma rairayi ba ya fita duka. Ni aka ba in kai masa kwanonsa zaure, kuma kafin in juyo na ji haƙorinsa ya yi ƙas. Ya ci gaba da cin abinsa. Sai a mota, muna hanyar komawa, maigidana ya gaya min wai Baba ya ce nama ya yi daɗi, an dai ji ƙasar gida a ciki. Yana faɗa yana dariya har motar na karkacewa. Ban sake yi masa magana ba sai da muka kwana biyu.

Muna isa na kira Rumasa'u. Na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ke ma dai, wa yake ɗora irin waɗannan a itace? Ai na jere ne." Na tuna mata wutar maƙera, na tuna mata jikokina. Ta ce ai yanayin magana ne na kasuwa, kowa ya san haka. Wai kuma in ina son masu ƙarko da gaske, akwai wasu da suka iso a satin nan, za ta yi min ragi. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zai kai mu gaban manya. Har yau tana sa hotunan kayanta, har yau mata suna yi mata addu'ar Allah ya kawo kasuwa, ni kuma ina gani ina cizon yatsa.

Amma in na gama zagin Rumasa'u a zuciyata, sai in dawo kan wadda ta fi ba ni haushi. Hannuna ya gaya min gaskiya tun ranar farko, na ƙi ji saboda ina son a ce surukar Inna ta kawo abin da ba a taɓa gani ba a layin. Tukunyar da ta yi shekara da shekaru tana aiki ba ta taɓa ba kowa kunya ba, ni na zo rana ɗaya na kore ta da baki.

Tsohuwar tukunyar ta koma wajen Tabawa, don Inna ta ce abin da ta bayar ta bayar. Ranar kasuwa na je wajen masu zubin dalma na zaɓo mafi kauri, mummuna, mai ƙuraje a jiki, wadda sai da aka taya ni sa ta a mota. Na kai wa Inna ba tare da na kira kowa gani ba. Ta ƙwanƙwasa, ta ɗaga, ta sa min albarka.

Tun daga nan na zama abin tsoron masu shaguna. Tukunya sai na ɗaga ta, na kifa ta, na ja hannuwanta da ƙarfina. Bokiti sai na matsa shi, atamfa sai na jiƙa bakinta na murza, takalmi sai na lanƙwasa. Wani mai shago ya taɓa tambayata, "Hajiya, saye za ki yi ko dambe?" Na ce masa wanda ya tsira daga damben shi zan saya. Na kuma koyi cewa in na shiga madafin wata, in ga tsohon abu baƙi yana aiki, in gaishe shi in wuce.

A Gwiwa kuwa, ba wanda ya zauna ya yanke hukunci, amma tun daga shekarar aikina a ranar suya shi ne yankan albasa. Ban yi gardama ba. Ko ba komai, in Gwaggo ta fara ba da labarin aka ga idona ya kawo ruwa, ba mai tambayata dalili.